Yadda Na Bi Diddigin Jinkirin Wani Gini ta Hanyar Nazarin Alƙaluma

Aikin da aka ba ni shi ne in gano, daga takardun da ke akwai, dalilin da ya sa wani gini mai hawa da yawa ya zarce wa'adin da aka ɗibar masa da watanni alhali ba a ko kai ga rufi ba. Tun kafin a kira ni kowane ɓangare yana da amsarsa. Mai ginin ya dage a kan cewa ma'aikatan ɗan kwangila ba su da himma kuma ba su da yawa, shi kuwa ɗan kwangila ya ce zane ba ya zuwa a kan kari, sannan ana sauya shawara bayan an riga an ɗora bulo. An sha zama a kan maganar, kowane zama kuwa da ja-in-ja yake ƙarewa, domin kowa abin da ya tuna yake kawowa, kuma da wuya mutum ya tuna ranar da shi ne ya tsayar da aiki. Sharaɗin da na gindaya kafin in karɓa shi ne a buɗe mini takardun ɓangarorin biyu, a kuma amince cewa abin da alƙaluma suka nuna shi zan rubuta, ko da bai yi wa wanda ya ɗauke ni aikin daɗi ba.

Na fara da raba tambayar gida biyu, saboda a wajen zaman an cakuɗa su. Jinkirin gini daban, raguwar aikin da ma'aikaci ke fitarwa daban. Magina suna iya shafe mako guda suna jan ƙafa a kan katangar haraba ba tare da ranar kammalawa ta gusa ko da yini ɗaya ba, tunda babu wani aiki da ke jiran wannan katanga. Haka kuma ana iya ganin kowa yana aiki tuƙuru amma ginin ya makara, saboda ginshiƙi ɗaya da komai ya dogara a kansa yana jiran injiniya ya zo ya duba rodinsa. A kan wannan fahimta aka gina hanyar tsara jadawali da kamfanonin DuPont da Remington Rand suka ɓullo da ita a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, wadda ke jera ayyuka bisa wanda ke jiran wani, sannan ta fitar da sarƙa mafi tsawo daga farkon aiki zuwa ƙarshensa. Duk aikin da ke kan wannan sarƙa ba shi da rarar lokaci, in ya makara da kwana ɗaya to ginin gaba ɗaya ya makara da kwana ɗaya. Sauran ayyukan suna da rara, wani kwana uku, wani wata guda. Saboda haka tambayata ta farko ita ce wane tsaiko ne ya faɗa a kan sarƙar, ta biyu kuma awanni nawa na ma'aikata suka salwanta, kuma me ya cinye su.

Takardun da aka tara mini sun haɗa da littafin rahoton yau da kullum na mai kula da wurin aiki, da rajistar halartar ma'aikata, da takardun karɓar kaya na sito, da wasiƙun neman ƙarin bayani a kan zane tare da amsoshinsu, da awon aikin ƙarshen wata wanda a kansa ake biyan kuɗi, da hotunan da ke cikin wayoyin injiniyoyi, sai kuma jadawalin aiki da ake sabuntawa kowane wata a manhajar Primavera P6. Wanda bai taɓa yin irin wannan aiki ba zai zaci lissafi ne zai ci lokaci. Lissafin bai ci komai ba idan aka kwatanta da gyaran bayanan.

Littafin rahoton shi ya fi ba ni aiki. Shafuka da yawa babu abin da ke cikinsu sai "aikin bulo yana ci gaba," ba tare da an faɗi a wane hawa ba, ko wane ɓangare, ko mutum nawa ke kai. A wasu makonni adadin leburori iri ɗaya ne daga ranar farko zuwa ta ƙarshe, da alƙalami ɗaya da salon rubutu ɗaya, abin da ke nuna cewa a zama ɗaya aka cike shafukan bayan mako ya ƙare. Sai kuma matsalar sunan wuri, wadda ta fi kowace haɗari saboda ba ta nuna kanta. Masu zane suna fara ƙirga hawa daga wanda ke saman na ƙasa, magina kuwa suna ƙirga na ƙasan a matsayin na ɗaya, don haka "hawa na uku" a wasiƙar injiniya shi ne "hawa na huɗu" a rahoton birkila. Da an zuba waɗannan a tebur ɗaya yadda suke, da kwamfuta ta nuna cewa an gina bango kafin a zuba daɓen da yake tsaye a kansa. Ma'aunin ma ba ɗaya ba ne: wani ƙaramin ɗan kwangila yana ƙirga aikinsa da yawan bulo, wani da murabba'in mita, wani kuma da yawan ɗakuna. Dole na tsara wa kowane lungu na ginin lamba guda, na mayar da duk awo zuwa murabba'in mita, sannan na bi shafi bayan shafi ina danganta kowace jimla da lambarta.

Abin da ya ba ni ƙasa mai ƙarfi da zan taka shi ne sakamakon gwajin kankare. A ƙa'ida, duk ranar da aka zuba kankare ana ɗibar samfuri a zuba a ƙananan akwatuna, a kai ɗakin gwaji a matse shi bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28 don a san ƙarfinsa. Tunda daga ranar zubi ake ƙirga waɗannan kwanaki, kowace takardar gwaji tana ɗauke da ainihin ranar da aka zuba, kuma waɗanda suka rubuta ta ba su da wani ra'ayi a rigimar. Daga waɗannan takardu na samu tabbatacciyar ranar kowane ginshiƙi da kowane daɓe. Hotunan waya su ma sun taimaka, domin kowane hoto yana ɗauke da rana da lokacin da aka ɗauke shi a cikin bayanansa na ciki, sai dai waɗanda aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto sukan rasa wannan bayani, don haka na nemi a kwafo mini su kai tsaye daga wayoyin. Ƙa'idar da na bi ita ce ba na ɗaukar wata rana a matsayin tabbas sai majiya biyu da ba su dogara da juna ba sun yi daidai a kanta. Inda babu bayani kuma na bar gurbin fanko, ban cike shi da matsakaicin sauran kwanaki ba, saboda sau da yawa ranar da ba a rubuta komai ba ita ce ranar da aiki ya rikice har mai rubutu bai samu zama ba.

Da na kammala jadawalin abin da ya faru a zahiri, sai na ajiye shi kusa da wanda aka tsara. Ban kwatanta farko da ƙarshe kawai ba, domin sarƙar da ke riƙe da ranar kammalawa ba ta zama wuri ɗaya. Na yanka tsawon aikin wata-wata, a kowane wata in tambayi jadawalin wace sarƙa ce mafi tsawo a farkon watan, kwana nawa ranar kammalawa ta gusa zuwa ƙarshensa, kuma wane aiki ne ya tura ta. A watannin farko sarƙar tana bin ginshiƙai da daɓe, kuma babban abin da ya tsayar da ita shi ne sauya zanen matakala, wanda ya hana a zuba daɓen wani hawa har sai da sabon zane ya iso. Daga baya sarƙar ta koma kan bulo, daga bulo zuwa bututun wayar lantarki, daga nan zuwa filasta.

Wannan mataki ya zubar da wasu hujjoji da aka daɗe ana maimaitawa. Makarar tagogi, wadda ta fi komai fitowa a wasiƙun ɓangarorin biyu, ba ta motsa ranar kammalawa ba ko kaɗan, rararta kawai ta ci, domin ko da tagogin sun iso a kan kari babu bangon da ya shirya karɓarsu. Kwanakin ruwan sama da ɗan kwangila ya lissafa su ma sun ragu ƙwarai da na ware waɗanda suka faɗo a ranar zuba kankare daga waɗanda suka zo lokacin da aikin da ke kan sarƙa yana cikin gini, inda ruwa ba ya hana komai. Akwai kuma wata guda da na tarar da dalilai biyu a lokaci ɗaya: ana jiran zane daga ɓangaren mai gini, amma takardun sito sun nuna cewa rodin da za a yi aikin da shi bai iso ba, wato ko da zanen ya zo babu abin da za a ɗaure. Na rubuta shi a matsayin jinkiri mai dalili biyu, na bar wa masana kwangila su faɗi yadda za a raba alhakinsa, tunda wannan hukunci ne na yarjejeniya, ba na lissafi ba.

Tambaya ta biyu, ta awannin ma'aikata da suka salwanta, ita ce wadda aka fi zafafawa a kai. Ana yawan kawo rahoton da cibiyar McKinsey Global Institute ta fitar a 2017, wanda ya nuna cewa cikin shekaru ashirin yawan aikin da ma'aikacin gini ke fitarwa a duniya ya ƙaru da kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara, alhali na tattalin arzikin duniya baki ɗaya ya ƙaru da kashi 2.8, na masana'antu kuma da kashi 3.6. Adadin yana da amfani wajen nuna girman matsalar, amma ba ya gaya wa kowa abin da ya faru a hawa na biyar na wani gini, kuma ba ya nufin birkila ya fi ma'aikacin masana'anta kasala. Don sanin wannan sai an sauko ga awo na kusa, wato awanni nawa aka kashe a kan kowane murabba'in mita na bango. A ɗauka misali rukuni yana da birkiloli 4 da leburori 4, sun yi awa 8, jimillar awanninsu 64 ke nan. Idan suka gina murabba'in mita 40, kowanne ya ci awa 1.6. Idan washegari suka gina 25 kawai, kowanne ya ci awa 2.56. Wannan lissafi na yi wa kowane rukuni a kowace ranar da bayananta suka inganta.

Sai kuma batun da me za a kwatanta. Ɗan kwangila ya so in kwatanta da adadin da ya sa a ƙiyasinsa lokacin neman kwangila, amma na ƙi, saboda ƙiyasi buri ne, kuma mai neman aiki yakan rubuta abin da zai sa a ba shi. Hanyar da na bi ita ce kwatanta ma'aikatan da kansu: a nemi lokacin da aiki ya tafi lami lafiya a wannan gini, da waɗannan mutane, a kan irin wannan bango, a mayar da shi ma'auni, sannan a auna lokacin cikas da shi. Ita ce hanyar da ƙa'idojin jinkiri da cikas na ƙungiyar Society of Construction Law ta Birtaniya, waɗanda aka fara fitarwa a 2002 aka sabunta a 2017, suka fi ba wa muhimmanci idan bayanan sun samu. Ginin ya dace da ita domin zanen hawa-hawan kusan iri ɗaya ne. Ban ɗauki hawa na farko a matsayin ma'auni ba, saboda a nan ma'aikata ke koyon ginin. Tun 1936 injiniya T. P. Wright ya lura a masana'antar ƙera jiragen sama cewa duk lokacin da yawan abin da aka ƙera ya ninka, awannin da kowane guda ke ci suna raguwa da wani kaso da bai cika sauyawa ba, kuma ana ganin irin wannan a ginin da ake maimaita hawa. Don haka na ɗauki hawa biyu da suka biyo baya. Na kuma yi amfani da adadin da ya faɗo a tsakiyar jeri maimakon matsakaici, domin rana ɗaya da aka ɓata wajen rushe bango a sake ginawa tana iya jan matsakaicin mako guda zuwa inda bai dace ba.

Sakamakon ya nuna cewa a lokacin lafiya ma'aikatan sun kai abin da ake tsammani daga ƙwararrun magina, daga baya ne awannin suka haura, kuma suka ci gaba da haurawa. Mutanen ba su sauya ba, don haka wani abu ne ya sauya a kewayensu. Kafin in bi wannan, sai da na warware wani abu da teburin ya nuna, wato wani rukuni guda da ya zo na ƙarshe kusan kowane mako. Da na raba bangon gida biyu, dogo miƙaƙƙe a gefe ɗaya, gajere mai kusurwa da ƙofa a ɗaya gefen, sai ya bayyana cewa wannan rukuni shi ake ba wa banɗakuna da ɗakunan girki, inda rabin lokaci ke tafiya wajen yanka bulo da daidaita kusurwa. A kan bango iri ɗaya ba su gaza kowa ba, a kan gajerun ma sun fi sauran sauri, shi ya sa ake tura su can. Masana ƙididdiga sun san wannan tarko, inda jimilla ke nuna akasin abin da kowane kashi ke nunawa, suna kuma danganta shi da sunan Edward Simpson wanda ya yi rubutu a kansa a 1951. Da an tsaya a teburin farko, da waɗanda suka fi iya aiki za a fara sallama.

Takardu suna iya nuna cewa awanni sun salwanta, amma ba sa nuna inda suka shiga, don haka na koma wurin aikin da wata tsohuwar dabara da L. H. C. Tippett ya yi amfani da ita a masaƙun Ingila, wadda ta yaɗu daga shekarun 1930. Mai lura yana zagayawa a lokutan da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, duk ma'aikacin da idonsa ya faɗa a kai ya rubuta abin da yake yi a daidai wannan ƙiftawar: yana ɗora bulo, ko yana ɗauko kaya, ko yana awo, ko yana jira, ko ba ya wurin. Ba a bin mutum ɗaya da agogo, kuma ba a rubuta suna. Lissafi ya nuna cewa don a samu tabbacin kashi 95 cikin 100, da kuskuren da bai wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba, ana buƙatar lura kimanin 384, ni kuwa na wuce haka domin ina son in raba sakamakon tsakanin safiya da yamma. Kafin in fara na tara shugabannin rukunai na yi musu bayani, saboda mutum mai allo da alƙalami yana zagaye a wurin gini ba ya kama da mai kawo alheri.

Wani dattijo, shugaban birkiloli, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, in dai lokacinmu kake nema, kada ka wahalar da kanka a kanmu. Gobe da safe ka je gindin na'urar ɗaga kaya ka tsaya."

Na ce, "To Baba, zan je, amma ka bar ni in yi zagayen ma, don in na faɗa a gaban manya kada a ce maganarka na ɗauko."

Gani ya kori ji. Na'urar ɗaga kaya guda ɗaya ce a ginin, kuma ita ke kai bulo, da kwaɓaɓɓen siminti, da rodi, da katakon kafintoci. Da sassafe kowa yana son nasa ya fara hawa, babu jeri babu tsari, wanda ya fi ɗaga murya shi ke shiga gaba. Birkiloli suna sama da cokulan gininsu a hannu, igiyar awo a ɗaure, amma siminti ba ya isa gare su sai rana ta ɗaga. Wanda aka kwaɓa da wuri kuma yana zaune a baro a ƙasa har ya fara daskarewa, a ƙara masa ruwa ko a zubar. Lokacin da ake aiki a hawa na ƙasa-ƙasa leburori suna iya hawa da kaya ta matakala, shi ya sa matsalar ba ta fito ba sai da gini ya yi tsawo. Alƙaluman zagayen sun yi daidai da abin da na gani: jira shi ne kaso mafi girma na lokacin da ba a aiki, ya fi yawa da safe, kuma ya fi tsanani a hawa na sama. Kason waɗanda aka tarar suna zaune alhali akwai kaya a gabansu ƙarami ne.

Wannan ya tuna mini da Frank Gilbreth, wanda a farkon ƙarni na 20 ya yi nazarin motsin birkila a Amurka, ya rage shi daga motsi 18 zuwa kimanin 5 a kan kowane tubali, har aka ruwaito cewa mutum ɗaya ya tashi daga tubali 120 zuwa 350 a awa. Akan ba da labarin kamar ya koya wa magina sauri ne, amma in aka duba abin da ya yi, dandamali ya ƙera wanda ake ɗagawa yayin da bango ke tashi don kada magini ya riƙa sunkuyawa, ya kuma sa a jera tubalin a kawo masa a shirye. A ganina yawancin ribar daga tsarin kawo kaya ta fito.

Akwai wani ɓangare na sakamakon da ɗan kwangila bai so ji ba. Da aiki ya makara, maganin da ya ɗauka shi ne ƙarin lokaci da ƙarin mutane. Teburin ya nuna cewa a makonnin farko na ƙarin lokaci jimillar aikin ta ƙaru, daga nan sai abin da ake fitarwa a kowace awa ya fara sauka, fashin zuwa aiki ya yawaita, bangon da ake rushewa saboda karkata shi ma ya yawaita. Wannan ba sabon abu ba ne, domin rahoton da ƙungiyar Business Roundtable ta Amurka ta fitar a 1980 ya nuna cewa idan aka ci gaba da aikin awa 60 ko fiye a mako har ya wuce kimanin wata biyu, raguwar ƙwazo tana taruwa har aikin ya ƙare a makare fiye da yadda zai ƙare da mutanen nan a kan awa 40. Ƙarin mutane kuma ya ƙara wa na'ura ɗaya bakunan da za ta ciyar, ya kuma cunkushe birkiloli da masu lantarki da masu famfo a ɗaki ɗaya. A nan sai da na yi hattara, domin ganin yawan mutane tare da raguwar aiki ba ya nuna wanne ya haifi wanne, tunda saboda aikin ya ragu ne aka ƙaro mutanen tun farko. Abin da ya raba gardama shi ne jerin lokaci: awannin sun fara haurawa kafin a ƙaro kowa, daidai lokacin da gini ya yi tsawo, sannan suka sake yin wani tsalle a makonnin da suka biyo bayan ƙarin.

Na gwada lissafin dangantaka a manhajar Python, na haɗa tsawon hawa, da irin bango, da yawan mutane a kowane fili, da awannin mako, da yawan tambayoyin zane da ba a amsa ba, don in ga ko kowanne yana da tasiri idan aka riƙe sauran. Ya goyi bayan abin da na riga na gani, kuma a matsayin mai tabbatarwa kawai na sa shi a rahoto, saboda kwanakin gini ba su da 'yanci daga juna, cikas ɗin yau yana shiga gobe, kuma gini ɗaya bai isa a fitar da doka daga gare shi ba. Duk adadin da na bayar na sa masa iyaka ta sama da ta ƙasa. Ban raba takardar tambayoyi ta jin ra'ayi ba, wato irin wadda ake cewa a ba kowane dalilin jinkiri maki daga 1 zuwa 5, ko da yake ita ta cika binciken jami'o'i a wannan fanni. Tana da amfani wajen tattara dalilan da za a bincika, amma abin da take aunawa ra'ayi ne, kuma ra'ayin ɓangarorin nan biyu na riga na ji shi tun ranar farko.

A zaman gabatar da rahoto zane uku kawai na nuna: jadawalin da aka tsara a kan wanda ya faru, da layin awannin kowane murabba'in mita daga hawa zuwa hawa, da rabon lokacin birkila a yini. Babu ɓangaren da ya fita da abin da ya shigo nema. Mai gini ya ga cewa sauya zanen matakala da jinkirin amsa tambayoyi sun ci kwanaki na gaske a kan sarƙa, kuma zargin kasala bai samu madogara ba. Ɗan kwangila ya ga cewa na'ura ɗaya, da ƙarin lokacin da ya zarce ƙima, da makarar rodi, duk nasa ne. Ya kuma tarar da wata matsala ta daban, domin yarjejeniyar an gina ta a kan tsarin yarjejeniyar gini na 1999 na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, wanda sashensa na 20.1 ya wajabta wa ɗan kwangila ya ba da sanarwa cikin kwana 28 daga lokacin da ya san abin da zai jawo jinkiri, kuma wasu abubuwan da yake da gaskiya a kansu ba a rubuta musu sanarwa ba.

Gyaran da aka amince da shi bai buƙaci sabuwar fasaha ba. An raba wa na'urar ɗaga kaya lokuta, aka koma kai bulon gobe sama tun da yamma, safiya ta zama ta siminti. An rage ƙarin lokaci, an kuma sa wa amsar tambayoyin zane wa'adi. Na sake tsara takardar rahoton yau da kullum ta zama shafi ɗaya mai gurabe: lambar wuri, irin aiki, yawan mutane, awanni, abin da aka gama, da abin da ya tsayar da aiki idan ya tsaya. Sannan aka ɗauki wani ɓangare na tsarin da Glenn Ballard da Greg Howell suka ɓullo da shi a shekarun 1990, inda shugabannin rukunai da kansu ke faɗin abin da za su gama a mako, ba a sa aiki a jerin sai an tabbatar zanensa da kayansa da wurinsa sun shirya, a ƙarshen mako kuma a ƙirga kaso nawa na alkawuran aka cika, a rubuta dalilin kowane wanda ba a cika ba.

Bayan 'yan makonni awannin bulo sun sauko kusa da ma'aunin lokacin lafiya, ko da yake ba su kai shi ba, kuma ban yi tsammanin za su kai ba tunda tsawon hawa yana nan. Gurbin dalilai kuwa ya fara cika da wani abu da babu wanda ya ambata a duk zaman da aka yi a baya: masu filasta suna isa ɗaki su tarar masu lantarki ba su gama binne bututu ba, su kuma masu lantarki suna jiran a tsayar da wuraren da za a sa soket da makunni, shawarar da ke hannun mai gini. Sarƙar ta riga ta koma kan filasta a lokacin, don haka aka sa wannan shawara a saman ajandar zaman mako mai zuwa, aka kuma nemi mai zanen ginin ya zo da zanen lantarki na hawa uku da suka rage.